Masana'antar Tumatir ta Dangote da ke Kadawa

Masana'antar Tumatir ta Dangote wuri ne na sarrafa ɗanyen tumatir zuwa markaɗaɗɗe, a Kadawa cikin ƙaramar hukumar Garun Malam ta jihar Kano. Iyalan Dangote ne suka kafa ta, marigayi Alhaji Sani Dangote, ƙanin Alhaji Aliko, shi ya jagorance ta. Ta fara aiki a shekarar 2016, an kuma tsara ta don sarrafa tan 1,200 a kowace rana.

An zaɓi Kadawa ne saboda noman rani da ruwan madatsar Tiga ke ɗauke da shi a Kura, Bunkure da Garun Malam. Tumatir ɗan sanyi ne. Lokacin hunturu yake yin albarka, har kwanduna su cika bakin titin Zariya, farashi ya faɗi warwas, wani ya ruɓe tun bai ga mai saye ba. Wannan asara mai ɗaga hankali ce aka so magancewa ta hanyar saye kai tsaye daga hannun manoma.

Sai dai a shekarar farko tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, aiki ya tsaya. Bayan haka ma an sha rufewa da buɗewa, domin idan kasuwa ta yi tsada manomi kan ɗora kayansa a mota zuwa Legas, kuma ba za a ga laifinsa ba. Sani Dangote ya rasu a watan Nuwamba 2021.