Daga kyauta zuwa "je ka biya": tarihin kuɗin asibiti da masu hawan jini

Jama'a, duk ɗan Tudun Wada ya san tsohon asibitin koyarwa na ABU kafin a mayar da shi Shika a 2005. Iyayenmu kan ba da labarin zamanin da za ka je asibitin gwamnati a duba ka, a ba ka magani, ka dawo gida aljihunka lafiya lau. To me ya canza?

Farashin man fetur ya faɗi a shekarun 1980, Babangida ya kawo SAP a 1986, kuɗin asibitoci ya ja baya. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka hadu a Bamako, suka amince mara lafiya ya riƙa biyan kuɗin magani, a juya kuɗin a sake sayo wani. Tsarin ya ɗan yi wa mai zazzaɓi daidai, ya biya sau ɗaya ya warke. Amma mai hawan jini, ciwon suga ko sikila fa? Nasa biyan ba ya ƙarewa. Ina da kawu da ke raba ƙwaya biyu don ta kai shi ƙarshen wata. Irinsu ba sa zuwa asibiti sai ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta taɓu.

An kafa dokar NHIS a 1999, ta fara aiki a 2005, amma galibi ma'aikatan tarayya ta amfana. Kaduna ta kafa KADCHMA a 2018, sannan a 2022 Buhari ya sa hannu a dokar NHIA da ta wajabta inshora. Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita.

Hikimar inshora ita ce ana biyan asibiti kuɗi kowane wata kan kowane mutum da ya yi rajista, ko ya zo ko bai zo ba. Kenan ribar asibiti ita ce ka zauna lafiya: a auna jininka, a ba ka magani da wuri. Amma idan kuɗin ya makara ko ya yi kaɗan, sai ka ji "maganin ya ƙare, saya a waje".

Shi ya sa nake roƙo, mu yi wa tsofaffinmu rajista, mu kuma riƙa tambayar wakilanmu ko kuɗin na isa asibiti a kan lokaci. Allah ya ƙara mana lafiya.