Jirgin Ƙasa da Cika Alkawarin Lokaci: Waiwaye Kan Layin Zariya Zuwa Ƙaura Namoda

Kafin a shimfiɗa hanyar dogo a ƙasar Zamfara, matafiyi ba ya auna tafiyarsa da awa ko minti. Ayari yakan tashi da asuba, ya yada zango da hantsi ko da azahar, kuma madugu shi ke yanke lokacin tashi bayan ya duba lafiyar jakuna da raƙuma da labarin hanya. Falke da ya fito daga Bungudu zai nufi Kano yakan ce zai isa bayan kwana kaza in Allah ya yarda, ba kuwa mai tuhumarsa idan kwana guda ya ƙaru. Jirgin ƙasa shi ne abu na farko da ya zo wa talakan wannan yanki da alkawarin cewa zai iso ƙarfe kaza, ya tashi ƙarfe kaza. Abin da wannan lacca za ta duba shi ne yadda aka ɗauki wannan alkawari, da yadda ya warware, da kuma abin da ya sa waɗansu ƙasashe suka iya riƙe nasu.

An fara aikin reluwe a Ikko a 1896, ya kai Badun a 1901. Daga Arewa kuma aka ja wani layi daga Baro, a bakin Kwara, tun 1907, ya shiga Kano a 1911, sa'an nan aka haɗe layukan biyu ƙarƙashin hukuma ɗaya a 1912. Reshen da ya shafi Zamfara ya zo daga baya. Ya tashi daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929, tsawon fiye da kilomita 200. Ba a ja shi zuwa Sakkwato ba, ko da yake an sha yin maganar haka, saboda haka garin Bungudu, wanda ke kan hanyar Sakkwato, bai sami tasha ba. Mutanensa sai su ɗoro kaya bisa jakuna, daga baya kuma bisa manyan motoci, su kawo tashar Gusau.

Lalle ne a gane dalilin gina wannan reshe, domin a cikinsa ne tushen matsalar yake. Turawa ba su kashe kuɗinsu don mutumin Tsafe ya je gaisuwar mutuwa Zariya ba. Auduga suke so, da gyaɗa, da fatu da ƙiraga. Shi ya sa aka kafa injunan gurzar auduga a Funtuwa da Gusau, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna kusa da tasha, baƙi daga Kudu da sauran sassan Arewa suka cika Sabon Gari, har Gusau, wadda Malam Sambo ɗan Ashafa ya kafa a zamanin jihadi, ta zama babbar cibiyar ciniki ta Lardin Sakkwato. Buhun gyaɗa ba ya ƙorafi idan ya kwana a tasha. Hanyar da aka tsara dominsa, watau layi ɗaya tak, mai yawan kwana da ƙananan ƙarafa, ita ce aka ce fasinja ma ya hau.

Duk da haka jirgin ya zo da agogo, kuma agogon ba na rana ba ne. Tun daga 1919 Nijeriya ta tsayar da lokaci guda ga ƙasa baki ɗaya, awa ɗaya gaba da na Ingila. Gusau kuwa tana yamma ƙwarai da layin da aka gina wannan lissafi a kansa, don haka a matsakaicin ƙiyasi rana ba ta kai tsaka a can sai agogo ya wuce sha biyu da kimanin rabin awa. Malamin da ke auna inuwa don sanin azahar da ma'aikacin tasha da ke duban agogon bango, kowannensu yana da gaskiya, amma lokacinsu ya sha bamban. Ba a Nijeriya kaɗai aka yi wannan karo ba. A Ingila kowane gari da nasa lokacin yake, sai da kamfanin jirgin Great Western ya ɗora tashoshinsa kan lokacin Landan a 1840, doka kuma ba ta tabbatar da haka ga ƙasa duka ba sai 1880. A Amurka ma kamfanonin jirgi ne suka raba ƙasar shiyya-shiyya ta lokaci a watan Nuwamba na 1883, gwamnati ta biyo bayansu.

Me ya sa ma'aikatan jirgi suka damu da minti haka? Amsar tana cikin yadda ake tafiyar da layi ɗaya. Jirage biyu ba su iya gittawa sai a tasha, inda aka yi ɗan reshe na kaucewa. Direba ba ya shiga tsakanin tasha da tasha sai an miƙa masa wata sanda ta ƙarfe, wadda ita ce shaidar cewa hanyar tasa ce shi kaɗai, kuma na'urar da ke riƙe da sandunan ba ta sakin wata sai an mayar da ta farko. To, a ƙaddara jirgin da ya taso daga Funtuwa ya makara da awa ɗaya saboda injinsa ya tsaya shan ruwa ko ya kasa hawan tudu. Wanda ya fito daga Gusau dole ya tsaya a Tsafe ya jira shi. Idan ya isa Zariya a makare, ya tarar jirgin Ikko ya wuce, fasinjansa sai su shimfiɗa tabarmi a tasha su jira na gaba, mai yiwuwa kwana ɗaya ko biyu. Makarar awa guda a daji ta zama asarar kwanaki ga ɗan makaranta mai komawa kwaleji, ko ma'aikacin En'e da aka kira Kaduna. A kan layi ɗaya makara ba ta tsayawa inda aka yi ta, yaɗuwa take yi kamar gobarar daji da kaka.

Daɗin daɗawa, injin tururi yana cin kwal, kwal ɗin kuma daga Inugu yake zuwa, ɗaruruwan kilomitoci daga Gusau. Da damina ruwa kan yanke hanya ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin ƙarafa. Da kaka kuwa kayan gona kan yi wa taragu yawa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu injuna sun tsufa, ba a sami sababbi da wuri ba, har gyaɗa ta taru ta kasa kwasuwa. Dalar gyaɗa da ake alfahari da hotonta, wani ɓangare na tarihinta shaida ce ta jirgin da ya kasa zuwa a kan kari, abin da ba a cika faɗa wa 'yan makaranta ba.

A 1955 aka mai da ma'aikatar reluwe hukuma mai cin gashin kanta, aka kuma fara shigo da injunan dizal. Shekarun da suka biyo baya su ne ganiyar jirgin ƙasa a Nijeriya: a 1964, shekarar da dogo ya kai Maiduguri, an ɗauki fasinja fiye da miliyan 11. Shekara goma bayan haka, a 1974, adadin ya faɗo zuwa miliyan 4 da 'yan kai. Tsakanin waɗannan shekaru biyu akwai rikicin 1966, wanda ya sa ɗimbin ƙwararrun ma'aikata 'yan asalin Gabas suka bar tashoshin Arewa, da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wanda ya datse layin Gabas da hanyar kwal. Sa'an nan kuɗin man fetur ya zo, aka zuba shi a kan tituna, gyaɗa da auduga suka ja baya, watau kayan da aka gina layin Gusau dominsu suka ragu. Gwamnati ta ɗauko kamfanin RITES na ƙasar Indiya ya riƙe ragamar hukumar daga 1979 zuwa 1982, al'amura suka ɗan farfaɗo, fasinja suka fara dawowa, abin da ya nuna cewa da ƙarafan nan da taragun nan ana iya yin abin kirki idan an kula. Bayan tafiyarsu aka koma gidan jiya, har hukumar ta durƙushe a 1988.

Sau da yawa akan ɗora laifin duka a kan ƙanƙantar faɗin layin, wanda ƙafa uku da rabi ne, watau milimita 1,067. Wannan hujja ba ta da ƙarfin da ake zato. Galibin layukan ƙasar Japan faɗinsu ke nan daidai, irin na tashar Gusau, kuma a kansu ne miliyoyin ma'aikatan Tokyo ke zuwa aiki kullum ba tare da fargabar makara ba. Jirginsu mai tsananin gudu, Shinkansen, wanda aka buɗe a 1964, shi ne aka yi wa layi mai faɗi na musamman. A ƙasar ne kuma, a 2017, wani kamfanin jirgi ya fito ya nemi gafarar jama'a domin jirginsa ya tashi daƙiƙa 20 kafin lokaci. Ƙaramin faɗi yana rage gudu, gaskiya ne, amma gudu dabam, cika alkawari dabam. Jirgin da ya ce zai yi awa takwas daga Gusau zuwa Zariya, ya kuma yi takwas ɗin kullum, ya fi amfani ga ɗan kasuwa bisa wanda ya ce huɗu amma ba a san ranar zuwansa ba.

Wajibi ne kuma ɗalibi ya yi hattara da alƙaluman da ƙasashe ke bugawa, domin kowace da mudun da take awo da shi. A Suwizalan jirgin da ya makara da minti uku an rubuta shi cikin makararru. A Jamus sai ya kai minti shida. A Indiya ana yi wa jiragen dogon zango rangwamen minti 15. Saboda haka kashi casa'in cikin ɗari a wata ƙasa ba daidai yake da kashi casa'in a wata ba. Jamus kuwa, wadda sunanta ya daɗe yana tafiya tare da tsare lokaci, a 2023 kashi 64 cikin ɗari kaɗai na jiragenta na dogon zango suka isa a kan kari, ko da wannan mudu nata mai sauƙi, har maƙwabciyarta Suwizalan takan tsayar da makararrun jiragen Jamus a garin Basel da ke kan iyaka don kada su ɓata mata tsari. Dalilin bai wuce wanda aka sani a Zariya ba: shekaru aka yi ana ƙara wa layuka jirage ba a sabunta gadoji da na'urorin ba da hanya ba. Ita kuwa Suwizalan tun 1982 ta tsara jadawalinta yadda jirage ke tashi a minti ɗaya na kowace awa, su haɗu a manyan tashoshi lokaci guda, daga baya kuma ta riƙa gina ramuka da sababbin layuka gwargwadon abin da jadawalin ke bukata. Ke nan tsare lokaci ba halin wata ƙabila ba ne da aka haife ta da shi. Jamusawan da suka yi sakaci da gyara sun girbi abin da hukumar reluwe ta Nijeriya ta girba, sai dai nasu bai kai na nan muni ba.

A Nijeriya an sake buɗe tsohon layin Ikko zuwa Kano ga fasinja a watan Disamba na 2012 bayan gyara, tafiyar kuwa takan ci fiye da awa 30. A watan Yuli na 2016 aka buɗe sabon layi mai faɗi tsakanin Abuja da Kaduna, ma'aikatan gwamnati suka rungume shi domin yana tashi kusa da lokacin da aka rubuta, kuma ya raba su da haɗarin titi. Ranar 28 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka kai masa hari, suka kashe mutane, suka yi garkuwa da waɗansu da dama, jirgin bai koma aiki ba sai watan Disamba na shekarar. Wannan ya ƙara wani sharaɗi da injiniyoyin 1929 ba su sa a lissafi ba, watau tsaron hanya, kuma ba inda sharaɗin ya fi nauyi kamar dazuzzukan da ke tsakanin Funtuwa da Tsafe.

Reshen Ƙaura Namoda dai, duk da kwangilolin gyara da aka sha bayarwa, an daɗe rabon da wani ya gina tafiyarsa a kansa. Ɗalibin Bungudu da zai koma jami'a a Zariya yakan zo tashar mota ta Gusau da sassafe, ya biya kuɗi, ya zauna. Idan ya tambayi ɗan kamasho lokacin tashi, amsar da zai samu ita ce sai mota ta cika.