Daga Wayo Zuwa Takardar Haihuwa: Tarihin Shekarun Shiga Makaranta a Getso da Kewayenta

A garin Getso, cikin Ƙaramar Hukumar Gwarzo, da sauran ƙauyukan yammacin Kano har zuwa Kabo, ba a kasance ana tambayar ranar haihuwar yaro kafin a kai shi makaranta ba. Idan aka yaye shi, bakinsa ya buɗe, ya iya bin yayyensa, sai a sassaƙa masa allo a danƙa shi ga malam. Ma'aunin shi ne wayo, wanda malaman fiƙihu suke kira tamyizi.

Wannan ma'auni yana da asali a littattafan magabata. Malaman hadisi sun yi saɓani kan shekarun da ake karɓar abin da yaro ya ji. Alƙali Iyal, wanda ya rasu a shekara ta 544 bayan Hijira, ya ambaci cewa an iyakance su da shekara biyar, bisa hujjar Sahabi Mahmud bin Rabi'u, wanda ya kiyaye wani abu daga Manzon Allah (SAW) yana ɗan shekara biyar, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Amma Ibnus Salah, wanda ya rasu a 643, ya rinjayar da cewa kowane yaro halinsa ake dubawa: idan yana fahimtar magana yana mayar da jawabi, jinsa ya inganta ko bai kai biyar ba. Hadisin Abu Dawud na umartar yara da salla a shekara bakwai shi ne adadin da ya fi zama a zukatan jama'a, duk da cewa shi ma kintatarsa ake yi, sau da yawa ta hanyar famfarar haƙori.

Tsarin makarantar allo kuwa ba ya buƙatar fiye da haka, domin babu aji a cikinsa. Kowane ɗalibi da nasa allon. Wani yana babbaƙu, na kusa da shi yana farfaru, wani ya wanke ya yi gaba, kuma babu mai jiran wani. Wanda aka haifa da damina da wanda aka haifa da rani duk ɗaya suke a gaban malam. Abin da Bahaushe ya adana game da haihuwa yana cikin laƙabi ne: Ɗanlami da Talatu suna riƙe da rana, Azumi da Sallau suna riƙe da wata, Marka tana riƙe da yanayi. Shekara ce kawai babu sunan da ya riƙe ta, sai dai a jingina ta da naɗin wani sarki ko wata yunwa ko fari.

Makarantar boko, tun wadda Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, ta zo da aji da rajista da ranar buɗewa guda. Tasirinta a karkara bai yi ƙarfi ba sai a watan Satumba na 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, aka kuma sa shekara shida a matsayin shekarar shiga. An yi tanadin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya a duk Nijeriya, sai kimanin miliyan 3 suka bayyana, kuma rashin sanin shekarun yara yana cikin dalilan hakan. A inda babu takarda, sai malamai suka koma ga jiki: yaro ya ɗora hannu bisa ka, idan ya taɓo kunnen ɗaya gefen ya isa. Wannan dabara ta zalunci gajere mai kaifin basira, ta shigar da dogon da bai gama wayo ba. Ta wannan fuska ma'aunin malamin allo ya fi ta adalci, tunda shi hankali yake gwadawa.

Dokar tilasta rajistar haihuwa ta 1992 ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta karatun shekara tara. Daga nan watan haihuwa ya sami nauyin da bai taɓa samu ba. Yara biyu da aka raɗa wa suna tsakanin makonni kaɗan, ɗaya kafin buɗe makaranta ɗaya bayanta, suna iya rabuwa da aji guda. Akwai kuma giɓin kwana goma sha ɗaya tsakanin shekarar Hijira da ta Miladiyya, wanda ke sa ɗan shekara shida a lissafin uwarsa ya gaza da kusan wata biyu a lissafin hedimasta.

Mafi nauyi ga malaman addini shi ne batun rantsuwa. Wanda ba a yi wa rajista ba yakan je kotu ya rantse a kan ranar da shi kansa bai sani ba, abin da ya sa 1 ga Janairu ta cika takardu. Wanda ya yi kintace da gaskiya yana da uzuri, amma wanda ya rage ko ya ƙara da gangan ya shiga babin rantsuwar ƙarya. Matsin ya ƙaru a 2024, da Ministan Ilimi Tahir Mamman ya tsaya a kan shekara 18 don shiga jami'a, kafin magajinsa Tunji Alausa ya mayar da ita 16 a cikin wannan shekarar.