Sana'ar nutso: Daga kogin Rima zuwa Bahar Maliya

A watan Agustan 2025 wani kwale-kwale da ke kai mutane kasuwar Goronyo, a gabashin jihar Sakkwato, ya kife. Hukumar agajin gaggawa ta Nijeriya, NEMA, ta ce fiye da mutum 50 ne ke cikinsa.

A irin wannan haɗari, ko a Goronyo, ko a ƙasar Wurno inda Dinawa take, ko a Rabah, waɗanda ke fara faɗawa ruwa su ne masunta da masu nutso na gargajiya. Ba su da wani kayan aiki sai numfashinsu.

Gadon Sarkawa

Nutso tsohuwar sana'a ce a tsakanin Sarkawa da Kabawa mazauna bakin kogunan Rima da Sakkwato, kuma akasari gadonta ake yi. Sarkin Ruwa ne shugaban masu ita. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, akan yi gasar nutso da kamun kifi da hannu cikin wasannin da ake kira Kabanci.

Sai dai kuma numfashi na da iyaka. Yawancin mutane ba sa iya riƙe shi fiye da minti ɗaya ko biyu, kuma ƙwaƙwalwar wanda ya nutse takan fara lalacewa cikin minti biyar ko ƙasa da haka. Shi ya sa sau da yawa aikin ceto ke komawa neman gawa, domin a samu yi mata sutura.

Tukunyar iska

A 1943 Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera na'urar da ke bai wa mutum iska daga tukunyar da ya goya a baya, daidai da nauyin ruwan da ke kansa. Da ita mutum kan yi kusan sa'a guda a ƙarƙashin ruwa, in bai yi zurfi sosai ba.

Masu yawon buɗe ido na amfani da ita a tsibiran Al-Ikhwa na Masar, cikin Bahar Maliya. A can gefen tsibirin kan gangara tsaye kamar katanga, lulluɓe da murjani, har zuwa zurfin da ido ba ya kaiwa. Mai nutso na bin gefen katangar ne, babu ƙasa a ƙarƙashinsa da za ta tsayar da shi.

Haɗarin ke nan. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka na sarari, saboda haka iskar tukunya takan ƙare da sauri. Daga wajen mita 30 iskar naitirojin kan sa mutum wani irin maye. In kuma ya taso da gaggawa, sai ta yi kumfa cikin jininsa, abin da kan jawo shanyewar jiki ko mutuwa. Don haka sabon shiga ba ya wuce mita 18, masu nutso don nishaɗi kuma ba sa wuce mita 40.

Ko za ta yi amfani a Rima?

Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, tsayinta kimanin mita 20 ne, zurfin da bai gagari wannan na'ura ba. Za ta ƙara wa mai neman gawa lokaci ƙwarai.

Amma ba za ta ba shi ido ba. A Bahar Maliya akan hangi abin da ke nesa da mita 20 ko fiye. A kogin Rima kuwa, da damina, ruwan jawur yake da laka, da lalube ake aiki. Nan sanin Basarke na inda gurbi yake da inda ruwa ke juyawa ya fi kowace na'ura. Ga kuma tsada, da horo, da injin cika tukunya, da ɗakin jinya na musamman da ake sa wanda kumfar naitirojin ta kama.