Lajidan: galon da ke tsakanin hafsa da ƙaramin soja, daga ina ya fito?

A unguwanninmu na Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, da wuya ka rasa wani dattijo da kowa ke kira Lajidan, har yara ba su san sunansa na yanka ba. Ya aje kaki da daɗewa, amma galon ya bi shi har gida. Sau da yawa kuma mukan ji ana cewa a fada: "Wane ai shekara talatin ya yi a soja, ko litinan bai kai ba." Wannan magana ce ta sa yau muka ce bari mu waiwayi tarihi, mu ga me ya sa aka ƙirƙiro wannan matsayi tun farko.

A tsarin da muka gada daga Faransa, soja hawa uku ne. Akwai ƙananan sojoji, daga sabon shiga har kafaran da kafaran-shef. Akwai hafsoshi, waɗanda muke ce wa ofisiye, daga su-litinan har janar. A tsakiya kuma akwai suzofisiye: sarzan, sarzan-shef, sannan lajidan da lajidan-shef. A Najeriya da Gana, inda aka gaji tsarin Ingila, takwaran lajidan shi ne warant ofisa, wanda Hausawan can suka fi sani da samanja. Masu shekaru cikinmu ba su manta da wasan kwaikwayon Samanja Mazan Fama ba, na marigayi Usman Baba Pategi daga Kaduna, wanda shi kansa tsohon soja ne.

Sunan warant ɗin nan a kan teku aka haife shi. Ɗaruruwan shekaru da suka wuce, idan sarkin Ingila zai yi yaƙin ruwa, ƴaƴan sarauta yake bai wa jagoranci, su shiga jirgi da dakarunsu. To amma ɗan sarki ya san takobi, bai san iska da igiyar ruwa ba. Waɗanda suka san jirgin su ne matuƙi, da mai kula da igiyoyi da filafilai, da mai igwa, da kafinta. Yaƙi na ƙarewa ƴaƴan sarauta su koma gida, su kuwa waɗannan gwanaye suna nan tare da jirginsu. Sai hukumar jiragen yaƙi ta riƙa ba su wata takardar izini mai suna warant, don kowa ya san suna da iko a fannin aikinsu, ko da yake ba su da takardar naɗi ta sarki irin ta hafsoshi. Sojan ƙasa na Ingila ya ɗauki wannan matsayi a 1879, a 1915 kuma aka raba shi aji biyu. Amurka ta bi da shi wata hanya daban: a can warant ofisa ƙwararre ne a sana'a guda, shi ya sa yawancin matuƙan jirage masu saukar ungulu na sojan ƙasarsu wannan galon suke ɗauke da shi.

A Faransa ba a yi amfani da kalmar warant ba, amma buƙatar guda ce. A wancan zamani kusan duk hafsoshi ƴan manyan gida ne, wasu ma da kuɗi suka sayi muƙamin. Ana buƙatar wanda ya taso cikin bariki, ya san kowane soja da halinsa. A 1776 aka ƙirƙiro galon lajidan, kalmar da asalinta ke nufin mataimaki. A 1912 aka ƙara lajidan-shef a samansa. Ke nan a Ingila da Faransa dalilin ɗaya ne: mai ba da umurni yana zuwa yana wucewa, dole a samu masanin aiki da zai tsaya.

Da wannan tsari ya iso Afirka sai ya sake kama. Faidherbe ya kafa rundunar tirayar a Senegal a 1857, daga baya aka riƙa kwasar samari daga duk yankin, har da ƙasarmu. Kakanninmu sun yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, sun je Indocin da Aljeriya. Hafsoshin kuwa kusan duka Turawa ne, baƙar fata da suka zama hafsoshi ƙalilan ne ƙwarai. Ga mafi yawan jarumai, lajidan ko lajidan-shef nan ne ƙarshen tsani. Shi ne ke juya maganar Bature zuwa harshen da sojoji ke ji, shi ne ke hana sabon litinan da ya sauko daga jirgi jefa mutane cikin halaka. Aikin yana wuyansa, galon yana kafaɗar wani.

An ga sakamakon haka lokacin samun ƴancin kai. Kwango ta samu mulkinta ranar 30 ga Yuni 1960 ba tare da hafsa ɗan ƙasa ko guda ba, kuma ba a yi mako ba sojoji suka yi bore. A Yuganda, Idi Amin ya samu galon efendi a 1959, wanda shi ne iyakar abin da Ingilishi ke bai wa baƙar fata a rundunar, sai a 1961 ya zama litinan. A Togo, tsofaffin sojojin Faransa da suka dawo gida aka ƙi ɗaukarsu aiki su ne suka kifar da Sylvanus Olympio ranar 13 ga Janairu 1963, ƙarƙashin lajidan Emmanuel Bodjollé, tare da sarzan Eyadéma. Mu ma a nan, bayan 3 ga Agusta 1960, da irin waɗannan mazan jiya aka kafa rundunar FAN. Seyni Kountché kansa sai da ya yi sarzan a sojan Faransa kafin ya shiga makarantar hafsoshi ta Fréjus. Wataƙila daga wannan zamani ne muka gaji kallon lajidan a matsayin wanda aka tare wa hanya.

Yau ba Bature a samanmu, amma dalilin farko yana nan daram. Yaro ya gama bak, ya yi makarantar hafsoshi, ya fito su-litinan yana da shekara ashirin da ƴan kai, aka damƙa masa mutum talatin ko arba'in. Ya san taswira da dabarun littafi. Wa zai gaya masa cewa wane ba ya barci tun da aka kashe abokinsa, ko motar can tana shan mai fiye da kima, ko wannan hanya ba a binta da damina? Lajidan ne. A cikin kwampani shi ke kiran suna da safe, shi ke tsara gadi, shi ke duba abinci da makwanci da tsabtar makamai, a fagen daga kuma shi ke tabbatar da cewa harsashi da ruwa sun isa gaba. Idan hafsoshi sun yi ƙaranci, shi da kansa ake bai wa jagorancin seksiyon. Hafsa ana canza masa wuri bayan ƴan shekaru, lajidan kuwa yakan daɗe har ya zama shi ne ma'ajiyar tarihin rundunar. Ƙasa ta san da haka, shi ya sa take da makaranta ta musamman a Agadas, ENSOA, don horar da suzofisiye.

Ƴan uwa, da yawa cikinmu muna da ɗa ko ƙane a Diffa, Tillaberi ko arewacin Tawa. Janar bai san sunansa ba, kuma ba laifinsa ba ne. Wanda ya san ko ya ci abinci, ko bindigarsa na aiki, ko ya kamata a ba shi izinin zuwa ganin mahaifiyarsa, lajidan ɗinsa ne. Saboda haka idan mun wuce dattijon nan na unguwa, mu gaishe shi da girmamawa, kuma a daina ƙirga masa galon da bai samu ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama a bakin aiki, ya kare waɗanda ke daji, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.