Code4Lib: Mujallar da masu haɗa manhajojin ɗakunan karatu suka kafa wa kansu

Code4Lib Journal mujalla ce da ake wallafawa a intanet cikin harshen Turanci, wadda ta keɓanta da aikin masu haɗa manhajojin kwamfuta na ɗakunan karatu da gidajen adana kayan tarihi. Ta fara fitowa a watan Disamba na shekarar 2007. Babu kamfanin ɗab'i a bayanta, kuma ba a sayar da ita. Masu sana'ar ne da kansu ke tafiyar da ita bisa aikin sa kai.

Asalinta

Mujallar ta tsiro ne daga zumuncin Code4Lib, wanda wasu ma'aikatan laburare masu rubuta manhaja suka fara a shekarar 2003, akasarinsu a Amurka. Sun yi babban taronsu na farko a 2006 a garin Corvallis na Jihar Oregon. Damuwarsu ita ce, mujallun jami'o'i sun fi karkata ga nazari mai zurfi, kuma maƙala kan daɗe kafin ta fito. Shi kuwa ma'aikacin da manhaja ta tsaya masa yana neman wanda ya taɓa warware irin matsalarsa ne, kuma yau yake buƙatar amsa. Jonathan Rochkind ne ya jagoranci editocin fitowa ta farko.

Yadda take gudana

Kwamitin editoci na 'yan sa kai ne ke karɓar maƙaloli, kuma shugabancin kowace fitowa yana zagayawa a tsakaninsu, domin kada nauyin ya tsaya a kan mutum ɗaya. Idan an amince da batu, sai a haɗa marubucin da edita, su gyara aikin tare cikin sanin juna. Marubuci ba ya biyan kuɗin wallafa, mai karatu ma ba ya biya. Saboda haka matashin da ke Kalambaina ko Runjin Sambo a Sakkwato zai iya karanta kowace fitowa a wayarsa. Maƙalolin sukan bayyana matsala, da matakan da aka bi, da abin da ya yi aiki da wanda ya ƙi.

Darasi ga Najeriya

A shekarun 1990, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta samar wa ɗakunan karatu na jami'o'in tarayya manhajar TINLIB da tallafin Bankin Duniya. Daga baya da yawa sun watsar da ita, saboda tsadar kula da ita da ƙarancin masu gyara. Yanzu ɗakunan karatu da dama sun koma ga Koha, manhajar kyauta da aka haɗa a ƙasar New Zealand a 1999, aka fara aiki da ita a Janairun 2000. Sai dai manhajar kyauta tana rayuwa ne da hannun masu kula da ita. Idan ma'aikacin da ya san sirrinta ya yi ritaya ko aka yi masa sauyin wurin aiki bai rubuta komai ba, ilimin ya tafi da shi.

Sakkwato na da matsalolin da ba kowa zai warware mata ba. Ɗakin Karatu na Abdullahi Fodiyo a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu suna riƙe da ayyuka cikin Larabci da Ajami da Boko. Jera sunayen irin waɗannan littattafai a kwamfuta yana buƙatar manhajar da ke karɓar rubutu daga dama zuwa hagu, wadda kuma ba za ta ɓatar da littafi ba don mai nema ya rubuta k a maimakon ƙ.

Abin da ake buƙata

Kayan aikin kafa irin wannan mujalla ba su da wuyar samu. Manhajar Open Journal Systems kyauta ce, kuma dandalin African Journals Online, da aka kafa a 1998, yana ɗauke da mujallun Najeriya masu yawa. Abin da ya fi wuya shi ne samun editoci kaɗan masu juriya, da ƙa'idar karɓar maƙala a rubuce, da lokacin fitowa wanda ba a saɓawa, da kuma wurin da za a adana tsofaffin fitowa ko da waɗanda suka fara aikin sun matsa.