Kafin a kafa turke a gonarka: mine ne binciken tasirin aiki bisa muhalli?

Masu sauraro da dama, har da 'yan uwa da ke ci-rani, suna tambayarmu: in gwamnati ko kamfani za su yi hanyar kwalta, madatsar ruwa, ko su yanka filayen gidaje a bakin gari, wa ke duba abin da zai samu gonaki, rijiyoyi da bisashe? Ga bayani a taƙaice.

A Nijar, doka mai lamba 98-56 ta shekarar 1998 da doka mai lamba 2018-28 ta shekarar 2018 sun wajabta a yi bincike kafin soma duk wani babban aiki da zai taɓa muhalli da rayuwar jama'a. Mai aikin ne ke biyan ƙwararrun da za su yi binciken, sannan ofishin ƙasa mai auna lamurran muhalli, wato BNEE, ya duba rahoton kafin ministan muhalli ya ba da takardar amincewa.

Mi ake dubawa? Gonaki nawa aikin zai ci, kuma na su wa. Itace nawa za a sare, musamman gawo, kuka da ɗorawa. Ina ruwan damana zai bi in an tare masa hanya. Ko aikin zai toshe burtali, makiyaya ko mashaya. Ko zai kawo ƙura, hayaƙi, ko ya gurɓata ruwan sha. Rahoton kuma dole ya faɗi yadda za a rage ɓarnar da wanda zai biya kuɗinta.

Mun ga misalai a ƙasarmu. Madatsar ruwa ta Kandaji, a jahar Tilaberi, za ta kawo wuta da noman rani, amma tana tada dubban mutane daga garuruwansu. Bututun man da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya ratsa gonaki da makiyaya da yawa. Ko ƙaramin abu kamar cinye burtali yana iya zama babba: 'yan Maradi ba su manta da Toda ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da 100 a shekarar 1991.

Ina bakin talaka a ciki? Tsarin ya tanadi taron jin ra'ayin jama'a. Nan ne wurin magana, kuma a matsa a rubuta ta cikin rahoton taro, don abin da ba a rubuta ba iska ke ɗauke shi. Mata masu lambu da makiyaya su ma su zo, domin su aka fi mantawa wajen ƙidaya. Doka kuma ta ce in za a karɓi fili don amfanin jama'a, sai an biya diyya ta adalci tukuna.

Sai dai diyya tana bin shaida. Tun 1993 kundin tsarin karkara ya kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda muke kira Kofo, a ƙauye, a komin da kuma gunduma. Su ke ba da takardar shaidar gado, saye, kyauta, aro ko jingina. Mai cewa "ai kowa ya san gonar kakanmu ce" yakan sha wuya ranar da masu awo suka zo.

'Yan uwa na Libiya, Aljeriya, Legas ko Abijan, ku bugo waya gida ku tambaya: gonarmu tana da takarda? In babu, a je wurin maigari da Kofo tun kafin a ga motar masu awo.